Tsohon Ɗan Fagen Daga, Gogaggen Malami, ko Manazarci: Wa Ya Dace da Ajin Leƙen Asirin Soja?

Idan makarantar horar da jami'an leƙen asirin soja ta buɗe gurbin malami, bayan an yi tankaɗe da rairaya, yawanci takardu iri uku ne ke saura a gaban kwamiti. Akwai ta tsohon soja da ya shafe shekara 20 ko fiye yana tattara bayanai a fagen daga, ya yi ritaya yana samanja ko manjo, ga lambobin yabo reras, amma bai taɓa riƙe aji na tsawon kwas guda ba. Akwai ta wanda ya yi shekara 7 ko 8 a fage, sannan aka dawo da shi makaranta ya yi wasu shekarun yana koyarwa da tsara darussa. Ta ukun kuwa ta manazarci ce, farar hula ko tsohon ƙaramin hafsa mai digiri na biyu ko na uku, wanda aikinsa na tebur ne: ya karanta rahotanni, ya auna su, ya rubuta hasashe.

Hannun 'yan kwamiti ya fi saurin kaiwa ga takarda ta farko. A ganina, a mafi yawan lokuta ta biyun ce ta dace. Amma akwai ajin da ba wanda zai iya da shi sai na farko, akwai kuma darasin da na uku ya fi su duka biyun.

Kafin a fara kwatanta su, akwai abin da ya raba wannan aiki da sauran ayyuka. Injiniya mai neman aiki zai lissafa duk gadojin da ya gina, likita ya faɗi irin tiyatar da ya yi. Shi kuwa jami'in leƙen asiri, mafi kyawun aikin da ya taɓa yi doka ta hana shi faɗa. Shi ya sa takardar tarihin aikin mutumin kirki a wannan fanni kan zo a bushe: runduna kaza, muƙami kaza, daga shekara kaza zuwa kaza, sai bayanin aikin a dunƙule. Duk wadda ta zo ɗauke da sunan farmaki, da garin da aka kama wane, da irin na'urar da aka saurari wayar abokan gaba da ita, mai ita ya riga ya faɗa muku cewa bakinsa ba ya riƙe magana. Wanda ya saki baki haka don neman aiki, me kuke tsammani zai yi a gaban matasa 30 da suka zuba masa ido suna jiran labarin jarunta? Ɗalibi kuwa halin malaminsa yake fara ɗauka kafin darasinsa. Jack Teixeira, matashin sojan saman Amurka da aka kama a watan Afrilun 2023, ba wata ƙasa ya sayar wa sirri ba. A dandalin hira na intanet mai suna Discord ya riƙa baza takardun sirri ga abokan hirarsa, kuma a watan Nuwamban 2024 aka yanke masa ɗaurin shekara 15. Son a san ka san wani abu cuta ce da ta daɗe a wannan aiki, bai kamata a ɗauko mai ita a ba shi alli ba.

Bayan an fitar da masu sakin baki, sai tabbatar da abin da aka rubuta. Takardar sallama daga soja, wadda a Amurka ake kira DD-214, da matsayin izinin ganin bayanan sirri, daga hukumar da ta bayar za a tabbatar da su, kada a tsaya kan kwafin da mai nema ya maƙala. Wannan izini ba ya dawwama. Wanda ya daɗe da barin aiki nasa ya riga ya faɗi, kuma sabon bincike kan ɗauki watanni. Idan kwas zai fara nan da mako shida, wannan kaɗai na iya cire mutum, kuma na ukun ne ya fi yawan tuntuɓe a nan. Haka batun harshe: "ina jin Larabci sosai" ba hujja ba ce. Sojojin Amurka da na ƙungiyar NATO suna auna harshe da ma'auni daga 0 zuwa 5, don haka a nemi maki da ranar da aka yi jarrabawar.

Abin da tsohon ɗan fage ke kawowa

Akwai ilimin da sai wanda aka taɓa yaudara ke da shi. Ɗauki ma'aunin da ƙasashen NATO ke amfani da shi wajen auna rahoto: amincin majiya daga A zuwa F, ingancin labarin daga 1 zuwa 6. Kurtu zai haddace shi cikin minti goma. Amma sanin cewa F ba ta nufin maƙaryaci, tana nufin ba a da abin da za a auna mutumin da shi tukuna. Sanin cewa 'yan rahoto uku da suka kawo labari iri ɗaya mai yiwuwa bakin mutum ɗaya suka jiyo. Sanin cewa ɗan rahoton da ake biya bisa yawan labarinsa zai fara ƙirƙira ranar da labari ya ƙare masa, duk wannan ba ya zama a kan mutum sai ya gan shi da idonsa. Labarin ɗakunan haɗa makamai masu yaɗa cuta a kan manyan motoci da aka ce Iraƙi na da su, wanda Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya gabatar a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 5 ga Fabrairun 2003, jigonsa maganar mutum ɗaya ce, ɗan Iraƙin da aka laƙaba wa suna Curveball, wanda ke hannun hukumar leƙen asirin Jamus. A 2011 ya fito ya amsa cewa ƙarya ya yi. Malamin da ya taɓa zama gaba da gaba da irin wannan mutum yana da abin da zai ba ɗalibi wanda babu a littafi. Kuma sojoji suna sauraron wanda suka san ya je ya dawo. Wannan gaskiya ce, ba na raina ta.

Sai dai yawan shekaru shi ne abin da ya fi ruɗar kwamiti. A 1998 masana biyu, Frank Schmidt da John Hunter, sun tattara binciken shekara 85 kan hanyoyin ɗaukar ma'aikata, suka nuna cewa yawan shekarun aiki ba ya hango ƙwazon mutum kamar yadda gwajin aiki a aikace da ganawa mai tsararrun tambayoyi ke yi. Saboda haka idan kuka ga shekara 22, ku farfasa su. Nawa ne a ainihin aikin leƙen asiri, nawa ne a ofishin mulki? A wane reshe? Wanda ya ƙware a sauraron sadarwa ba shi ne gwanin hulɗa da 'yan rahoto ba, mai karanta hoton tauraron ɗan'adam kuma sana'arsa daban. Babban muƙami ma yana da nasa ruɗin: kanar ɗin da ya yi shekara 10 yana sa hannu kan rahoton da wasu suka rubuta, ya fi saje nisa da aikin da za a koya wa ɗalibai.

Sannan yaushe ne rabonsa da fage? Wannan tambaya ta fi nauyi yanzu fiye da da. A Janairun 2018 taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa ta tona wuraren sansanonin soja, saboda sojoji na gudun safe da agogon da ke bin sawunsu. Kafin Rasha ta shiga Yukren a Fabrairun 2022, hotunan taurarin ɗan'adam na kamfanoni irin su Maxar sun riga sun nuna wa duniya jerin tankoki a bakin iyaka. Ƙananan jirage marasa matuƙa sun sauya yadda bataliya ke ganin abin da ke gabanta. Wanda ya ajiye kaki a 2012 bai yi aiki a wannan duniyar ba. Idan bai nuna a takardarsa cewa ya ci gaba da bin lamarin ba, yaƙin jiya zai koyar.

Babbar damuwata da tsohon ɗan fage ita ce wannan: gwani sau da yawa ya san abu, amma ya manta yadda aka yi ya sani. Ka tambaye shi me ya sa bai yarda da rahoton nan ba, ya ce kawai jikinsa bai ba shi ba. Kuma daidai ne, rahoton na ƙarya ne. To amma ɗalibi ba zai tafi fage da jikin malaminsa ba. Yana buƙatar a warware masa matakan ɗaya bayan ɗaya. Don haka a takardar tsohon soja, ku tsallake lambobin yabo ku nemo layin da ya nuna ya taɓa sa wani ya iya. Ya horar da ƙananan da ke ƙarƙashinsa? Ya rubuta ƙa'idar aikin sashensa? An taɓa tura shi horar da sojojin wata ƙasa? Idan akwai ko ɗaya daga cikin waɗannan, darajar takardarsa ta ninka. Idan babu, kuna shirin ɗaukar mai ba da labari ne.

Gogaggen malami

Takardarsa ba ta da ƙyalli, shi ya sa take buƙatar a karanta ta a tsanake. Satifiket ɗin kwas ɗin koyarwa ƙofa ce kawai, kowa na iya samu. Abin nema shi ne sa'o'in da ya tsaya a gaban aji, da matakin ɗaliban, da ko ya taɓa tsara darasi daga tushe ko dai na wani yake karantawa. Wanda ya rubuta atisayen ƙarshen kwas, wato ya ƙirƙiri yanki da abokan gaba da tarin rahotanni masu karo da juna har da na bogi a ciki, ya kuma san inda ɗalibai za su faɗa rami, wannan ya fahimci aikin ciki da waje. Ba a iya rubuta irin wannan atisaye da haddar littafi.

Tun 1959 masanin harkar horo Donald Kirkpatrick ya kasa auna horo gida huɗu: ko ɗalibai sun ji daɗin darasin, ko sun koyi wani abu, ko aikinsu ya sauya bayan sun koma, da ko rundunar ta ga amfani. Yawancin takardu a gida na farko suke tsayawa: "ɗalibai sun yaba da ni." Wasu su ce duk ɗalibansu sun ci jarrabawa, suna ganin abin alfahari ne. Ni wannan tsoro yake ba ni. A aikin da rahoto ɗaya na kuskure ke iya sa a jefa bam kan gidan da ba ruwansa, malamin da bai taɓa kayar da kowa ba sai a tambaye shi dalili. Takardar da ta ce rundunonin da suka karɓi ɗalibansa sun koka kan wani rauni, shi kuma ya gyara darasin, ta fi min wadda ke cike da yabo.

Rauninsa a bayyane yake. Zaman makaranta yana da daɗi, kuma mutum na iya daɗewa har ya koma koyar da abin da ke rubuce maimakon abin da ke faruwa. A Janairun 2010 Manjo Janar Michael Flynn, wanda ke shugabantar leƙen asirin dakarun ƙawance a Afganistan, ya fitar da rahoto yana kukan cewa jami'ansa sun zuba ido kan mayaƙa da masu dasa bama-bamai, amma ba su san mutanen da suke zaune a cikinsu ba, ba su san wa ke da faɗa a ji a gunduma ba. Waɗannan jami'ai abin da aka koya musu suka yi. Irin wannan tazara ce ta sa rundunoni da yawa ke juya malamansu, shekara 2 ko 3 a makaranta sannan a koma fage. A ma'aunina, wanda ya haura shekara 5 bai taka fage ba, bai kuma je ya zauna da wata runduna ya ga yadda take aiki yanzu ba, fifikonsa kan tsohon soja ya ragu ƙwarai.

Duk da haka shi nake fifitawa a kwas ɗin farko, inda ake karɓar sababbi. Abin da kurtu ke buƙata shi ne tsari: yadda bayani ke tafiya daga umarnin kwamanda zuwa tattarawa, tacewa, nazari, da isarwa, yadda ake karanta taswira, yadda ake rubuta rahoton da ya raba abin da aka gani da abin da aka ji da abin da ake zato. Wannan aikin haƙuri ne da maimaitawa da gyaran takarda da jan biro har dare. Shekara 8 a fage sun ishi mutum ya san gaskiyar aikin, sauran kuma iya koyarwa ne.

Inda sai tsohon ɗan fage

Kwas ɗin hulɗa da 'yan rahoto da yi wa kamammu tambayoyi, musamman ga jami'an da suka riga suka yi aiki, ba a ba wanda bai daɗe a cikinsa ba. Ɗaliban za su gane shi a rana ɗaya. Amma a nan ne kuma ya kamata binciken halinsa ya fi tsanani. Sashe na 17 na Yarjejeniyar Geneva ta uku ta 1949 ya ce fursunan yaƙi ba abin da ya wajaba ya faɗa sai sunansa, muƙaminsa, ranar haihuwarsa da lambarsa ta soja, ya kuma haramta azabtarwa da kowace irin tursasawa. Bayan abin kunyar gidan yarin Abu Ghraib na Iraƙi, inda sojojin Amurka suka ci zarafin fursunoni, binciken da Janar Fay da Janar Jones suka fitar a Agustan 2004 ya lissafa ƙarancin horo cikin dalilan ɓarnar, har da 'yan kwangilar da aka sa yin tambayoyi ba tare da cikakken horon soja kan aikin ba. A Satumban 2006 sojan Amurka ya fitar da sabon kundin ƙa'idar tambayoyi. Abin da malami ya faɗa a aji, ko ya yi shiru a kansa, shi ke bayyana bayan shekaru a ɗakin da babu mai kallo. Ku tambayi mai nema abin da yake yi idan kamamme ya ƙi magana kuma kwamanda na matsa masa. Idan ya yi murmushi ya ce akwai hanyoyin da ba a rubutawa, ku rufe fayil ɗinsa ko da lambobinsa sun kai nawa.

Manazarci

Shi ne aka fi saurin watsarwa, ana cewa bai taɓa jin ƙarar harsashi ba. Amma manyan kurakuran leƙen asiri da yawa ba daga rashin bayani suka zo ba. Kafin 6 ga Oktoban 1973, ranar da aka kai mata hari, Isra'ila na ganin dakarun Masar da Siriya suna taruwa, amma shugabannin leƙen asirin sojanta, ƙarƙashin Eli Zeira, sun riga sun ƙudurta cewa Masar ba za ta yi yaƙi ba sai ta sami ƙarfin sama, sai suka riƙa fassara duk abin da suka gani a matsayin atisaye. Kwamitin bincike na Agranat da Isra'ila ta kafa ya ɗora musu laifi a 1974. Tun kafin nan, a 1951, Sherman Kent, manazarci a hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, ya gano cewa abokan aikinsa da suka sa hannu kan jimla ɗaya game da yiwuwar kai wa Yugoslabiya hari, wani na nufin kashi 20 cikin 100, wani kashi 80. Irin wannan ne ya sa yau ƙa'idar nazari ta hukumomin leƙen asirin Amurka ta ɗaure kowace kalmar hasashe da adadi, misali "mai yiwuwa ne" na nufin kashi 55 zuwa 80. Dabarar jera dukkan fassarorin da za su iya zama gaskiya sannan a nemi hujjar da ke rushe kowacce, wadda Richards Heuer na hukumar CIA ya tsara, manazarci ne ya fi iya koyar da ita.

A wajensa kada ku nemi kundin digiri. Ku ba shi rahotanni biyar marasa sirri da sa'a ɗaya, ya rubuta shafi guda wanda kwamandan da bai yi barci ba zai karanta ya yanke shawara. Da yawansu a nan suke faɗuwa, don sun saba da shafi 40 da wata uku. Wanda ya haye, ku ba shi darasin nazari da rubutu. Kada ku ba shi kwas gaba ɗaya shi kaɗai.

Yadda za a raba gardama

Takarda tana nuna wanda za a gayyata ne kawai. Sai an gwada akan san na ƙwarai, don haka kowane ɗaya daga cikin ukun ya koyar da darasin minti 20 kan maudu'i ɗaya, a gaban ɗalibai na gaske. A sa ɗaya ya nuna bai gane ba har sau biyu, a sa wani ya yi masa musu. Ku lura: ya sauya hanyar bayani, ko ya maimaita ta da ƙarfi? Da aka yi masa musu, hujja ya kawo ko muƙami? Bayan ya fita, a yi wa ɗaliban gajeriyar jarrabawa kan abin da ya koyar. A ganawa kuma tambayoyi iri ɗaya ga kowa, kuma kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa kafin a buɗe baki. Mafi girman muƙami a kwamitin shi zai yi magana a ƙarshe, domin a gidan soja idan janar ya riga ya faɗi ra'ayinsa, ba kasafai kyaftin ke saɓa masa ba. Masu bayar da shaida ma, kada a tsaya kan shugabannin da ya zaɓa da kansa. A nemi wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa, shi ya san ko mutumin na iya bayani.

Idan gurbi ɗaya ne kuma mai shi zai ɗauki komai, ku ɗauki na biyu muddin rabonsa da fage bai wuce shekara 5 ba. Idan ya wuce, ku koma kan tsohon sojan da ya nuna shaidar horar da wasu kuma ya haye darasin gwaji, da sharaɗin zai yi kwas ɗin koyarwa kafin ya shiga aji, ya kuma yi zangon farko tare da wani malami. Wanda ba a ɗauka ba kada a yar da lambar wayarsa. A atisayen ƙarshen kwas ana buƙatar wanda zai zauna a kujerar kwamanda ya ragargaji rahoton ɗalibai da tambayoyi, ko ya fito a matsayin ɗan rahoton da ke cakuɗa gaskiya da ƙarya, kuma kwangilar mako biyu ta isa a kawo shi ya yi wannan.